Hurumin Alƙali da Iyakar Ƙasa: Shin Zalunci Yana Wankuwa da Ƙetare Iyaka?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda mulkinSa ba shi da iyaka, kuma babu wani lungu da bawa zai ɓuya a cikinsa ya fita daga ƙarƙashin ikonSa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ƴan'uwa masu karatu, abin da ya jawo wannan rubutu tambaya ce da wani ɗan kasuwa ya yi mini bayan sallar la'asar. Ya ba wani mutum buhunan wake bashi bisa alkawarin biya bayan kasuwa biyu. Da lokaci ya yi sai aka wayi gari mutumin ya kwashe iyalinsa ya ƙetare iyaka, ya zauna a wani gari wanda tafiyarsa daga nan ba ta kai awa biyu a mota ba. Mai wake ya kai ƙara wajen hukuma, aka saurare shi cikin mutunci, sa'an nan aka ce masa: can ba huruminmu ba ne. Sai ya zo mini ransa a ɓace yana cewa: "Malam, ashe haƙƙi ma yana tsayawa a duwan kamar kaya?" Na ba shi haƙuri, na nuna masa hanyar dattawan kasuwa, waɗanda sau da yawa saƙonsu ya fi takardar hukuma saurin ƙetare iyaka. Amma tambayar ta kwana da ni, domin ta fi ƙarfin buhunan wake. Idan bashi yana kuɓuta da ƙetare iyaka, to yaya jini? Yaya jinin mutum dubu?

Mu fara da kalmar da aka faɗa masa. Hurumi a wajen Bahaushe shi ne filin da aka keɓe wa gari ko masallaci ko maƙabarta, wanda ba a shiga a yi yadda aka ga dama. Daga nan aka ɗauko kalmar aka ba alƙali, aka ce yana da hurumi, wato wurin da maganarsa take zama hukunci. Malaman fiƙihu suna kiran wannan wilaya, kuma sun bayyana cewa alƙalin da aka naɗa wa gari kaza, idan ya fita daga yankinsa ya yanke hukunci, hukuncin ba ya zartuwa; a can shi da sauran mutane ɗaya ne, ko da ilminsa ya kai inda ya kai. Ilmin yana tafiya tare da shi a cikin ƙirjinsa, ikon kuwa yana tsayawa inda wanda ya naɗa shi ya tsayar.

Kada mai karatu ya yi gaggawar ganin aibin wannan. Iyakance hurumi rahama ce babba. Da a ce kowane alƙali a duniya yana da ikon aiko wa kowa sammaci, da talakan da ke noman gero a Damagaram zai iya wayar gari ana tuhumarsa da karya wata doka wadda bai taɓa jin labarinta ba, a harshen da ba ya ji, gaban mutanen da ba su san al'adarsa ba. Kuma iyaka ita ce ta ceci raunana da yawa daga hannun masu ƙarfi. Lokacin da Ƙuraishawa suka matsa wa Musulmin farko, Annabi (S.A.W.) ya umarce su da hijira zuwa Habasha. Ƙuraishawa suka aika Amru ɗan Asi da Abdullahi ɗan Abi Rabi'a da kyaututtuka, suna neman a miƙa musu mutanensu, da hujjar cewa danginsu ne suka fi sanin laifinsu. Najashi ya ƙi miƙa kowa sai ya ji ta bakin waɗanda ake tuhuma. Da Ja'afaru ɗan Abi Ɗalib (R.A.) ya yi bayani, sai sarkin ya mayar wa manzannin kyautarsu, ya bar baƙinsa cikin aminci. Da hannun Makka yana kaiwa Habasha a ranar, da an yi ɓarna mai girma. Mu ma a Nijar mun ga irin nauyin wannan amana: an ba Sa'adi ɗan Gaddafi mafaka a 2011, aka miƙa shi ga Libiya a watan Maris na 2014, sa'an nan a 2015 wani hoton bidiyo ya fito yana nuna ana dukansa a tafin ƙafa a gidan kaso. Ko me mutum ya aikata, wanda ya miƙa shi yana da rabo a cikin abin da aka yi masa bayan miƙawa.

To amma shin doka tana bin ƙasa ne, ko tana bin mutum? Wannan tsohuwar mas'ala ce a wajen malamanmu. Imamu Abu Hanifa yana ganin Musulmin da ya aikata laifin haddi a ƙasar da ikon shugaban Musulmi bai kai ba, ba a tsayar masa da haddi ko da ya dawo, domin a lokacin da ya yi laifin babu hannun da ke da iko a kansa. Zunubin yana wuyansa gaban Allah, amma alƙalin duniya ba shi da hanya. Imamu Malik da Imamu Shafi'i suka ce a'a, hukuncin yana tare da shi duk inda ya sa ƙafa, domin haram ba ta canza suna saboda an canza masauki. Imamu Ahmad ya ce a jinkirta har ya dawo gida sa'an nan a tsayar. Haka kuma suka saɓa a kan wanda ya yi kisa a waje sa'an nan ya gudu ya fake a Haramin Makka. Hanafawa suka ce ba a kashe shi a ciki, sai dai a ƙaurace masa, ba ciniki, ba masauki, har ƙunci ya fitar da shi; Malikawa suka ce alfarmar wuri ba ta kare wanda ya keta alfarmar rai. Ka lura, ya kai mai karatu, ko masu sassauci a cikinsu ba su ce a shimfiɗa masa tabarma a kawo masa fura ba.

Sun kuma yi wa matsalar ɗan kasuwarmu magani tun da daɗewa, da abin da suke kira wasiƙar alƙali zuwa ga alƙali. Alƙalin garin da aka yi cinikin zai saurari shaidu, ya rubuta abin da ya tabbata a gabansa, ya buga hatimi, a kai wa alƙalin garin da wanda ake ƙara yake, shi kuma ya zartar. Babu wanda ya shiga hurumin wani, kuma haƙƙi bai faɗi a tsakanin garuruwa biyu ba. Dokokin zamani ma a kan irin wannan suke tafiya, ko da sunaye sun bambanta. Asali shi ne ƙasa tana hukunta abin da ya auku a cikinta. Ƙasashe da yawa suna bin ɗan ƙasarsu da hukunci idan ya yi babban laifi a waje, kamar ra'ayin Malik. Wasu suna hukunta baƙon da ya cuci ɗan ƙasarsu a waje, ko wanda ya zauna can nesa yana buga musu kuɗin jabu. Duk waɗannan akwai zare da ya ɗaure laifin da ƙasar da ke hukunci.

Abin da ya fi wuyar fahimta shi ne hukuncin da babu wannan zare ko kaɗan: mai laifi baƙo, wanda aka zalunta baƙo, wurin da aka yi laifin wata ƙasa, amma alƙali ya ce yana da hurumi. Tushensa a dokar ƙasa da ƙasa shi ne ƴan fashin teku. Teku ba na kowa ba ne, ɗan fashin kuma ba ya zaɓen wanda zai tare, don haka aka yarda tun ƙarnoni da suka wuce cewa duk ƙasar da ta kama shi tana iya hukunta shi. Wanda ya karanta babin hiraba ba zai yi mamakin wannan ba, domin mai tare hanya laifinsa ya wuce kan mutum guda ya shafi amincin jama'a duka, shi ya sa yafewar dangin wanda ya kashe ba ta kuɓutar da shi. Bayan yaƙin duniya na biyu aka faɗaɗa wannan tunani zuwa ga laifuffukan yaƙi a yarjejeniyoyin Janeba na 1949, sa'an nan zuwa ga azabtarwa a yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1984, wadda ta wajabta wa duk ƙasar da ta shiga cikinta ɗayan biyu idan wanda ake zargi da azabtarwa yana hannunta: ko ta gurfanar da shi, ko ta miƙa shi ga wanda zai gurfanar.

Me ya sa aka ware waɗannan laifuffuka? Domin galibi mai hurumin ne da kansa yake aikata su. Ɓarawon saniya yana tsoron alƙali. Amma idan wanda ya naɗa alƙalin, yake biyan jandarma, yake riƙe da mabuɗin gidan kaso, shi ne mai laifin, wa za a kai wa ƙara? Kura ce aka ba ajiyar akuya. A nan ƙa'idar da aka kafa don kare raunana take juyewa ta zama garkuwar azzalumi: yana kan mulki babu mai taɓa shi, ya faɗi ya ƙetare iyaka, can kuma a ce ba huruminmu ba ne.

Ba sai mun je nesa neman misali ba, maƙwabciyarmu Cadi ta isa. Hisen Habre ya mulki Cadi daga 1982 zuwa Disamba 1990, lokacin da Idris Debi ya kore shi, ya bi ta Kamaru ya sauka a Dakar ta ƙasar Senigal. A zamaninsa ya kafa hukumar tsaro da ake kira DDS, wadda take ƙarƙashinsa kai tsaye. Aka yi wa mutanen kudu kisan gilla a 1984, aka juya kan Hajarai a 1987, sa'an nan Zagawa a 1989. A Injamena akwai wani wurin ninƙaya na zamanin Turawa da aka rufe samansa da siminti aka mayar da shi kurkukun ƙarƙashin ƙasa, ana cusa mutane cikin zafin da kowa ya san na Cadi. Kwamitin binciken da gwamnatin Cadi ta kafa ya ƙiyasta a 1992 cewa mutanen da suka hallaka sun kai 40,000. Wani fursuna mai suna Kilema Abayifuta ya yi shekara huɗu a tsare, aikin da aka ɗora masa shi ne kwasar gawarwakin ƴan'uwansa fursunoni yana binnewa a ramukan gayya a bayan gari. Mu da aikinmu ya haɗa da wanka da suturta mamaci da yi masa salla, mun san abin da gawar ɗan Adam ta cancanta, kuma mun san abin da aka tauye a waɗannan ramuka.

Habre ya zauna a Dakar shekara goma ba wanda ya tambaye shi komai. Wani akawu mai suna Sulaiman Gengeng, wanda ya fito daga kurkukun da ƙyar, ya yi alkawari tun yana ciki cewa idan Allah Ya fitar da shi zai nemi haƙƙin waɗanda suka mutu a gabansa. Ya bi gida gida ya tattara bayanan ɗaruruwan mutane ya ɓoye. Da aka kama tsohon shugaban Cile, Janar Pinoshe, a Landan a watan Oktoba 1998 bisa sammacin wani alƙalin Sifen, sai mutanen Cadi suka ga ashe ƙofa tana iya buɗuwa. Suka shigar da ƙara a Dakar a farkon shekara ta 2000, wani alƙali ya tuhumi Habre, amma a 2001 babbar kotun Senigal ta faɗa musu maganar nan da aka faɗa wa mai wake: laifin da baƙo ya yi a waje ba huruminmu ba ne. A wannan shekarar aka gano tarin takardun DDS a zube cikin ƙura a tsohon ofishinta, ɗauke da sunayen mutum 12,321 da aka kama ko aka ci zarafinsu, da 1,208 da aka kashe ko suka mutu a tsare. Azzalumi ya rubuta shaida a kan kansa da hannun ma'aikatansa. A shekarar dai aka jefa wa lauyarsu, Jakilin Mudaina, gurneti a Injamena, ta ji rauni mai tsanani, ba ta kuma janye ba.

Daga nan sai doguwar tafiya. Beljiyam, wadda wasu daga cikin masu ƙarar suka zama ƴan ƙasarta, ta nemi a miƙa mata shi a 2005. Tarayyar Afirka ta ce a 2006 Senigal ta yi masa shari'a da sunan Afirka. Aka yi ta jan ƙafa da batun gyaran doka da batun kuɗi. A 2011 shugaba Abdullahi Wad ya ce zai mayar da shi Cadi, inda aka riga aka yanke masa hukuncin kisa a bayan idonsa a 2008 kan wata tuhuma dabam. Aka yi ca, aka fasa, kuma fasawar ita ce daidai, domin miƙa mutum ga wanda ya kore shi daga mulki ɗaukar fansa ce da rigar shari'a. A ranar 20 ga Yuli 2012 Kotun Duniya da ke birnin Lahai ta yanke cewa Senigal ta saɓa alkawarin da ta ɗauka a yarjejeniyar 1984, ta gurfanar da shi ba tare da jinkiri ba ko ta miƙa shi. Sai aka kafa kotu ta musamman a Dakar da haɗin gwiwar Tarayyar Afirka, aka fara shari'a a Yuli 2015 ƙarƙashin wani alƙali ɗan Burkina Faso. Habre ya ce bai san kotun ba, aka ɗauko shi da ƙarfi, ya naɗe fuskarsa da rawani ya yi shiru har ƙarshe. Kotu ta naɗa masa lauyoyi uku, ta ɗage zama kwana 45 domin su karanta takardu. Shaidu sama da 90 suka yi magana, cikinsu har da matan da suka faɗi abin da mace ba ta son faɗa ko a gaban mahaifiyarta. Ranar 30 ga Mayu 2016 aka yanke masa ɗaurin rai da rai, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a Afrilu 2017.

Idan wani ya ce: Malam, kana yabon igiyar da aka saƙa don wuyan raunana, ina waɗanda suka ba Habre makamai da kuɗi, Amurka da Faransa, lokacin da yake yaƙar Gaddafi suna kuma ganin abin da yake yi wa mutanensa? Sai in ce: gaskiyarka, kuma akwai abin da ya fi wannan ɗaci. Beljiyam ta kafa dokarta mai dogon hannu a 1993, ta hukunta wasu ƴan Ruwanda huɗu da ita a 2001, duniya ta yi tafi. Da aka shigar da ƙarar Ariyel Sharon kan kisan Sabra da Shatila na 1982, aka kuma shigar da ta wasu manyan Amurka kan yaƙin Iraƙi, sai ministan tsaron Amurka ya yi barazana a 2003 game da zaman hedkwatar NATO a Burusel. Kafin shekarar ta ƙare an soke dokar an maye gurbinta da mai gajeren hannu. Ita kuwa Amurka, a 2002 ta yi dokar da ta ba shugabanta izinin amfani da kowace hanya don ƙwato jami'anta idan kotun manyan laifuffuka ta duniya ta tsare su. Amma hannunta yana kaiwa ko'ina: a 2014 ta ci tarar bankin Faransa BNP Paribas kusan dala miliyar 9 saboda hulɗa da Sudan da Iran da Kuba, hujjar hurumin kuwa ita ce dalolin sun bi ta bankunan Amurka. Ba ina wanke bankin ba ne. Ina nuna cewa wanda yake auna wa mutane da babbar tiya, idan aka zo auna masa sai ya ɓoye tiyar, ba adalci ya fito nema ba.

Sai dai rashin kama babban ɓarawo ba ya mayar da ƙaramin ɓarawo mai gaskiya. Uwar da aka fitar da ɗanta da dare a Injamena ba ta ƙara ganinsa ba, ba za mu ce mata ta haƙura har ranar da za a gurfanar da manyan duniya ba. Abin da nake gani, Allah ne mafi sani, hannun shari'a yana halatta ya ƙetare iyaka idan laifin irin wanda babu wata al'umma da take kiransa halal ne, kuma ƙofar gida ta toshe, kuma aka yi wa wanda ake tuhuma abin da Najashi ya yi, wato aka saurare shi kafin a taɓa shi. Shari'ar Dakar ta cika wannan, ta kuma ƙara da abin da ya ba ta kwarjini: waɗanda aka zalunta ne suka tuƙa ta da kansu shekara goma sha shida, kuma Senigal ba mamaye ta aka yi ba, alkawarin da ta sa wa hannu da yardarta aka ce ta cika. Wanda ya shiga yarjejeniya ya yarda a kama wani da ita, ya yarda ke nan a kama shi da ita gobe. Ta haka ake gane wasiƙar alƙali zuwa ga alƙali daga saƙon Ƙuraishawa mai tafe da kyaututtuka.

Tun kafin annabci aka yi irin wannan a Makka. Wani baƙo daga Zubaidu ta ƙasar Yaman ya sayar wa Asi ɗan Wa'ilu kaya, ya hana shi kuɗinsa, ga shi ba dangi ba mai tsaya masa. Ya ɗaga murya yana neman agaji, sai wasu gidajen Ƙuraishawa suka taru a gidan Abdullahi ɗan Jud'ana suka yi rantsuwa za su tsaya wa duk wanda aka zalunta a garin, ɗan gari ne ko baƙo, suka je suka karɓo masa haƙƙinsa. Annabi (S.A.W.) ya halarci wannan ƙawance yana saurayi, ya kuma yabe shi bayan zuwan Musulunci, alhali waɗanda suka ƙulla shi ba Musulmi ba ne a lokacin. Wannan ya ishe mu amsa ga masu cewa duk yarjejeniyar da aka ƙulla da waɗanda ba Musulmi ba abar ƙyama ce ko da ta hana azabtar da bayin Allah.

Akwai wata magana da ta shafe mu mu masu rawani, kuma ba zan tsallake ta ba. A shekarun da Habre ya yi a Dakar ya zauna cikin mutunci, yana zuwa masallaci, yana kyauta, ya samu masu tsaya masa cikin manyan gari har da wasu malamai, suna cewa baƙo ne kuma Musulmi, ba a tozarta baƙo. Karrama baƙo wajibi ne, amma ba mu ne muka karantar da cewa Annabi (S.A.W.) ya yi gargaɗi mai tsanani ga wanda ya ba mai ɓarna mafaka ya kare shi daga hukunci ba? Da yawa daga cikin waɗanda suka mutu a hannun DDS masu salla ne, waɗanda ba masu salla ba kuma ransu yana da alfarma. Sadakar da aka yi a Dakar ba ta biyan diyyar jinin da aka zubar a Cadi, tuba kuma a haƙƙin bayi ba ta cika sai an mayar da haƙƙi ko masu shi sun yafe. Ina tsoron da a garinmu ya sauka da irin wannan dukiya, da an samu a cikinmu masu yi masa addu'a a kan mumbari ba tare da sun tambayi inda kuɗin ya fito ba.

Habre ya rasu a Dakar ranar 24 ga Agusta 2021, yana cikin wa'adin ɗaurinsa, ya tafi inda ba a gardamar hurumi. Kotun ta yanke a biya mutum 7,396 diyyar sefa miliyar 82, aka ɗora wa wani asusu na Tarayyar Afirka nauyin nemo dukiyarsa da tara gudummawa. Shekaru suka wuce masu haƙƙi suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya ba su karɓi ko dala ba. Sai a 2024 gwamnatin Cadi ta fara rabon miliyar 10, wanda da aka kasa shi tsakanin masu haƙƙi, rabon kowane mutum bai kai miliyan ɗaya ba.